Daɗin Kiɗa Daban, Ƙuri'a Daban



Duk wanda ya saba zama a teburin mai shayi bayan sallar isha'i, a Kano ne ko Zariya ko Funtuwa, ya san yadda hirar wurin take tafiya. Da kuɗin mudun shinkafa ake buɗe ta. Kafin mai shayi ya gama kaɗa ƙwai ta koma kan gwamna, daga nan wani ya zaro waya ya saki sabuwar waƙar da ya karɓo wurin mai turi, sai musu ya kaure: wannan ya ce mawaƙin ya ci amanar talakawa, wancan ya ce ai sana'arsa yake yi, a bar shi ya nemi abincinsa. Ba za a watse ba sai an gangaro kan shirin da aka nuna a talabijin cikin makon, ana lissafin wanda ya cuci wani, ana kuma cankar ɗan siyasar gaske da ake yi wa hannunka mai sanda. 'Yan boko da yawa, da wasu malamai da jami'an gwamnati, kallon shirme suke yi wa wannan hira. A ganinsu talaka ɗan amshin shata ne, a kaɗa masa ganga ya taka, ya kai ƙuri'arsa inda gangar ta nuna. Sharhinmu na yau cewa yake yi wannan zato kuskure ne, kuma kuskure mai tsada, domin a kansa ake kafa hujjar hana waƙa, da kama mawaƙa, da dakatar da shirye-shirye.

Da farko dai, waƙa ba baƙuwa ba ce a siyasar ƙasar Hausa, tare aka haife su. Lokacin da aka kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agustan 1950, masu iya karatun boko ƙalilan ne, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma, wadda ta fara fitowa a 1939, ba kowane ƙauye take kaiwa ba. Abin da ke kaiwa shi ne baitin da ɗan kasuwa ya haddace a Kano ya je ya rera a kasuwar ƙauye. Sa'adu Zungur ya rubuta Arewa Jumhuriya ko Mulukiya yana auna wane irin mulki ya dace da Arewa, Mudi Sipikin ya mayar masa da martani da Arewa Jumhuriya Kawai. Ku duba fa, muhawara ce a kan tsarin mulkin ƙasa, irin wadda yau sai a zauren jami'a ake jin ta, amma a wancan zamani cikin baitoci aka yi ta, a gaban masu dako da maɗinka. Gambo Hawaja da Aƙilu Aliyu sun yi wa NEPU hidima da alƙalami da murya, NPC ta Sardauna ita ma tana da nata, ga makaɗan fada irin su Musa Ɗanƙwairo suna wasa Sardaunan. Kuma mahukuntan lokacin ba su ɗauki abin da wasa ba, domin 'yan doka da kotunan alƙalai na En'e sun ɗaure 'yan NEPU da dama bisa zargin zagin sarakuna. Wanda ya ce waƙa ce ta zo ta lalata siyasarmu, sai ya gaya mana wace shekara ce aka yi siyasar babu waƙa.

To amma tambayar da ta fi muhimmanci ita ce, shin waƙar ce ke juya ƙuri'a? A nan gara mu bar zato mu duba alƙaluma. Babu waƙar siyasar da ta game Arewa a wannan zamani kamar Masu Gudu Su Gudu ta Dauda Kahutu Rarara, wadda ta cika tasha da kasuwa da gidan biki a kakar zaɓen 2015, har wasu ke cewa ita ta kai Muhammadu Buhari fadar shugaban ƙasa. Sai dai a zaɓen 2011, shekara huɗu kafin a ji ɗuriyar waƙar, Buhari ya samu ƙuri'a sama da miliyan 12 a ƙarƙashin CPC, jam'iyyar da ba ta da gwamna ko ɗaya a lokacin, kuma Kano kaɗai ta ba shi sama da miliyan 1.6. A 2015 Kano ta ba shi miliyan 1.9, a ƙasa baki ɗaya ya tashi da miliyan 15.4. Abin da ya sauya tsakanin zaɓukan biyu shi ne haɗakar da ta haifi APC a 2013, wadda ta jawo ƙuri'un ƙasar Yarbawa, da ɓarakar da ta fitar da gwamnoni biyar daga PDP, da kuma bama-baman Boko Haram da suka sa mutanen Arewa suka ƙosa da gwamnatin Jonathan. Ƙaunar Buhari ta riga waƙar zuwa da shekaru masu yawa. Mawaƙin ya tarar da wuta tana ci ne, ya iya fifita.

Idan ana son gwaji na gaskiya, a duba 2023. Mawaƙi ɗaya ne, murya ɗaya, gwanintar ba ta ragu ba, kuɗin ɗaukar nauyi ma sai dai a ce ya ƙaru. Waƙar da Rarara ya yi wa Bola Tinubu, Jagaba Shi Ne Gaba, ta shiga ko'ina, yara suna rera ta a lungu, masu A Daidaita Sahu suna ƙure ta a sifika har fasinja ba ya jin mai kiransa a waya. Da aka ƙirga ƙuri'un Kano, inda mawaƙin yake zaune, Rabi'u Musa Kwankwaso ya tashi da kimanin dubu 997, Bola Tinubu dubu 517. A Katsina, jihar mawaƙin ta haihuwa kuma jihar shugaban ƙasa mai barin gado, Atiku Abubakar ne ya zo na ɗaya da ratar da ba ta kai dubu bakwai ba. Bayan mako uku, waɗannan Katsinawan dai suka fito suka zaɓi Dikko Raɗɗa na APC a matsayin gwamna. Gaskiya ne Tinubu ya ci Jigawa da Zamfara da wasu jihohin Arewa, amma mutanen Haɗeja ba su fi na Kano jin waƙar ba. Wato mutum ya yi rawa da ita a gidan biki ranar Juma'a, ranar Asabar ya shiga rumfar zaɓe ya dangwala wa wanda ransa ya kwanta da shi. Wannan ba halin ɗan amshin shata ba ne.

Har ila yau masu sauraron nan suna da nasu hukuncin da suke yanke wa mawaƙi, kuma ba sa jiran wata hukuma. A 2020 Rarara ya ce ba zai sake yi wa Buhari waƙa ba sai masoyan shugaban sun tura masa naira dubu-dubu, kuma aka tura. A ƙarshen 2023 ya kira 'yan jarida ya ɗora wa Buharin alhakin halin da ƙasa ta shiga, mutane suka yi ta tono tsofaffin waƙoƙinsa suna jera su da sabuwar maganarsa. A 2024, bayan cire tallafin man fetur ya ninka kuɗin mota da na abinci, ya fitar da waƙar yabon gwamnati, matasa suka yi gangami suka kai ƙarar shafinsa na Facebook har aka rufe shi. Ko mutum ya yarda da abin da suka yi ko bai yarda ba, ya nuna abu guda: kunnen da ke jin daɗin amo yana kuma auna magana da farashin masara a kasuwar Dawanau.

Haka abin yake a talabijin, sai dai a nan darasin ya fi zurfi. Tun zamanin Samanja Mazan Fama na marigayi Usman Baba Pategi, da wasannin marigayi Ƙasimu Yero, da Karkuzu na Bodara daga Jos, Bahaushe ya saba ganin ana yi wa mai iko shaguɓe cikin raha, a lokacin da faɗin maganar ƙarara kan iya kai mutum bayan kanta. Da tashar Arewa24 ta zo a 2014, ta kawo Daɗin Kowa, wani ƙirƙirarren gari da aka zuba masa 'yan gudun hijira da almajirai da 'yan shaye-shaye da dillalan aure, kowa ya ga unguwarsu a ciki. A 2019 kuma Kwana Casa'in ya fito, labarin jihar Alfawa da ba ta cikin taswira, da gwamnanta Bawa Maikada wanda Sani Mu'azu ya fito a matsayinsa, da ɗan jarida Sahabi, da malamin makarantar da aka tsayar takara. Matar da ke kallon shirin nan a tsakar gida, da wayar da aka jingina a jikin tukunya domin babu wutar lantarki, tana ganin yadda ake raba kwangila a ɗakin baƙin gwamna, yadda ake sayen bakin ɗan jarida, yadda uban gida ke ɗaure ɗan takara tun kafin a rantsar da shi, yadda kuɗin asibiti ke bin wata hanya. Babu darasin sanin haƙƙin ɗan ƙasa da aka taɓa koyarwa a aji da ya kai ga mutane masu yawan haka. Kuma musun da ake yi washegari a kan wa ake nufi da Bawa Maikada shi ne ainihin amfanin shirin, domin kowa gwamnan jiharsu yake kawowa, da hujjojinsa.

Yanzu bari mu saurari masu suka, domin suna da abin faɗa. Na farko za su ce, ai waɗannan mawaƙa 'yan kwangila ne, wanda ya biya shi ake wasawa, gobe in wani ya fi shi biya a koma can. Wannan gaskiya ne, kuma ba ma buƙatar a yi mata kwaskwarima. Sai dai ba asiri ba ne. Al'adar roƙo ta girmi Nijeriya, kuma yaron da ya taɓa ganin maroƙi a ƙofar gidan biki ya san cewa kirari da kyauta tare suke tafiya. Da ya ji an ce wane ya fi kowa alheri, ya san an ba da riga ne ko an yi alƙawarin mota. Marigayi Mamman Shata ya wasa sarakuna da attajirai da direbobi, ya kuma yi wa waɗanda suka saɓa masa zambo, ba a taɓa ɗaukar waƙarsa a matsayin shaidar da za a kai gaban alƙali ba, ana dai sha'awar fasahar. Yaudara tana aiki ne idan wanda ake yi wa bai san ana yi ba. Inda masu sukar suka fi gaskiya shi ne a wani wuri daban da ba su cika taɓawa ba: waƙar zamanin NEPU tana ɗauke da manufa, tana maganar haraji da jangali da aikin tilas da zaluncin hakimai, ta yau kuwa yawanci sunan mutum ce da jerin sunayen 'yan fadarsa, sai habaici ga abokin hamayya. Wannan asara ce ta gaske. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mawaƙi ba zai rera aƙidar da jam'iyya ba ta da ita ba. Ɗan siyasar da ya kwana a jam'iyya ɗaya ya wayi gari a wata, ya sake komawa ta farkon kafin zaɓe na gaba, da wane baki zai zargi mawaƙinsa da sauya sheƙa? A ba mawaƙan nan manufa a gani in za su kasa sa mata amo.

Suka ta biyu ta fi nauyi. Ana cewa zambo da habaici suna zuga matasa, suna mayar da hamayya gaba, har a kai ga sara-suka. Ba za mu musa cewa kalma tana da kaifi ba. Waƙar da ta aibanta halittar mutum ko ta taɓa iyayensa ta wuce siyasa, kuma wanda aka yi wa yana da damar zuwa kotu. Su kansu mawaƙan ba su tsira ba, domin bayan sanar da sakamakon zaɓen gwamnan Kano a Maris ɗin 2023 wasu matasa sun far wa gidan Rarara. Dokar zaɓe ta riga ta haramta zagi da kalaman tunzura jama'a a yaƙin neman zaɓe, abin da ya rage shi ne a yi aiki da ita a kan kowa, har da jam'iyya mai mulki. Amma mu tambayi kanmu, ɗan dabar da ya fito da gora da barandami ranar gangami, waƙa ce ta saya masa ƙwaya, ko ita ta ɗauko hayar motar da ta kawo shi, ko ita ke zuwa ofishin 'yan sanda ta yi belinsa? Miliyoyin mutane sun ji waƙar nan ɗaya, 'yan ɗaruruwa ne suka ɗauki makami, kuma waɗannan ɗaruruwan akwai mai ba su kuɗin cefane. Kama mawaƙi a bar mai ɗaukar nauyin daba, an bar jaki ne ana dukan taiki.

Wannan ya kawo mu ga maganin da hukumomi suka fi so, wato hani. Jihar Kano ta kafa hukumar tace fina-finai a 2001, kuma tarihinta ya isa a yi masa hisabi. A 2007 an ɗaure Adam A. Zango saboda faifansa na Bahaushiya. A 2009 wata kotun tafi-da-gidanka ta haramta sauraron waƙoƙi goma sha ɗaya, aka kuma kama Aminu Ladan Abubakar, Alan Waƙa, a kan Hasbunallahu, waƙar da addu'a ce a kan azzalumai ba tare da ambaton sunan kowa ba. A 2019, ana tsakiyar takun-saƙa tsakanin gwamnatin Ganduje da Sarki Muhammadu Sanusi na biyu, aka kama Naziru Ahmad, Sarkin Waƙar sarkin, bisa zargin fitar da waƙoƙi ba tare da an tace ba, a ƙarshen shekarar kuma hukumar ta nemi a dakatar da nuna Kwana Casa'in da Gidan Badamasi. A 2025, ƙarƙashin wata gwamnatin daban, aka dakatar da shirye-shirye 22 a lokaci guda, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa. Gwamnatoci sun sauya, jam'iyyu sun sauya, hujjar dai ɗaya ce, kare tarbiyya da bin ƙa'ida. Babu mai jayayya cewa al'umma tana da haƙƙin kare tarbiyyar 'ya'yanta, kuma akwai abubuwan da ake ɗorawa a intanet da ba mai hankalin da zai kare su. Abin lura dai shi ne, da wuya ka ji an kama mawaƙi saboda ya wuce gona da iri wajen yabon gwamna mai ci. Sannan hanin ma ba ya hanawa. Waƙar da aka haramta da safe, kafin la'asar ta zaga wayoyi ta Bluetooth a wancan lokaci, yau kuma ta WhatsApp da TikTok, har wanda bai taɓa jin sunanta ba sai ya nema domin ya ji abin da ya tsone wa hukuma ido.

Akwai suka ta uku, wadda masu kishin ƙasa ke yi da zuciya ɗaya. Suna cewa duk wannan shagala ce, mutane sun mayar da siyasa kamar musun Arsenal da Chelsea, ana ta surutu amma ranar zaɓe ba a fita. Alƙaluma suna goya musu baya ta wani ɓangare, domin cikin mutum sama da miliyan 93 da suka yi rajista a 2023, kimanin kashi 27 cikin ɗari ne suka kaɗa ƙuri'a a zaɓen shugaban ƙasa, mafi ƙaranci tun dawowar mulkin farar hula a 1999. Sai dai ɗora wa waƙa da talabijin wannan laifi ya saɓa wa zaton da muka fara da shi. Ba zai yiwu a ce waƙa tana da ƙarfin jan mutum ta sa shi zaɓen wanda ba ya so ba, a kuma ce ta kasa fitar da mutum bakwai cikin goma daga gida. Dalilan ƙin fitar a bayyane suke: ƙarancin takardun naira da ya dabaibaye ƙasa a makonnin zaɓen, ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato da 'yan bindiga suka tasa, wahalar karɓar katin zaɓe, da kuma yanke ƙauna bayan shekara takwas na canjin da aka yi wa rawa. Mutumin da ke musu a teburin mai shayi har sha biyun dare a kan wanda ya kamata ya yi gwamna bai fita daga siyasa ba. Wanda ya kamata a ji tsoro shi ne wanda ya daina musun.

Ko sunan da muke kiran babur mai ƙafa uku ya isa shaida a kan yadda jama'a ke sarrafa abin da aka miƙo musu. A Daidaita Sahu shiri ne na gyaran ɗabi'a da gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kawo a Kano, da tallace-tallacensa a rediyo da talabijin. Gwamnatin ta tafi a 2011, shirin ya bi ta, mutane suka riƙe sunan suka bar wa abin hawa, domin shi ne abin da ya amfane su a ciki. Haka suke yi wa waƙar siyasa: su ɗauki kiɗan su kai gidan biki, su ɗauki wata kalma su mayar da ita ba'a tsakanin abokai, ɗan takarar kuma su ajiye shi gefe sai sun ga kamun ludayinsa. Yayin da 2027 ke ƙaratowa, ɗakunan ɗaukar waƙa da ke titin gidan zu a Kano za su cika da masu kawo kwangila, kowane ɗan takarar kansila ma sai ya sa an ambaci sunansa da na mahaifinsa a kan fiyano. Mai shayi zai ƙara benci, mai turi zai ƙara kuɗin cika memori, kuma a teburin nan za a sake jera sabbin waƙoƙin da na 2015 da na 2023, ana tambayar wanda aka wasa a wancan karon ina rijiyar burtsatsen da ya yi alƙawari.